Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gashin Ƙashi Kan Tsofaffin Da Gigin Tsufa Ya Kama

Ya ku ma'abota wannan sana'a, ina so in yi muku nasiha a kan wani majinyaci wanda yakan zo hannunku ana riƙe da shi, bai san dalilin zuwansa ba, kuma kafin ya isa gida ya manta da ku da abin da kuka koya masa.

Wannan lalura ta gigin tsufa, wadda likitan nan Bajamushe Alois Alzheimer ya bayyana mafi yaɗuwar nau'inta a shekarar 1906, wadda kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana tare da mutane sama da miliyan 55, mafi yawansu a ƙasashen da ba su da wadata, takan fara da cinye sabon abin da mutum ya ji ko ya gani, amma takan daɗe ba ta taɓa abin da gaɓoɓi suka haddace ta hanyar maimaici ba. Saboda haka wanda ya ce wa irin wannan dattijo ya ɗaga ƙafa sau goma, sannan ya ba shi takardar motsa jiki ya tafi da ita, ya yi aikin banza, ko da niyyarsa ta yi kyau. Amma dattijon da ya kasa tuna sunan jikansa, idan ya ji kiran salla, sau da yawa sai ka ga ya yunƙura neman buta, ya yi tsayuwa da ruku'u da sujada. Alhali kuwa tashi daga zaune, wanda kuke wahalar koyarwa, yana cikin kowace sallar farilla, kuma shari'a ta yi rangwamen zama ga wanda tsayuwa ta gagara. Haka tsohuwar da aka miƙa wa tsintsiya, ko faifan shinkafa ta tsince. Ku nemi abin da jikin ya saba, ku gina aikinku a kai, kuna tsaye a gabansa inda zai ga fuskarku, kuna kiransa Baba ko Malam, da umarni ɗaya tak a lokaci guda, kuma da hantsi, domin ruɗewar takan tsananta idan magariba ta gabato.

Babban abin da za ku yi jayayya da shi, a ganina, shi ne tausayin iyali. Da yake masu wannan ciwo sun fi sauran tsofaffi faɗuwa kusan ninki biyu, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru takan kai mutum Asibitin Ƙashi na Dala idan an yi sa'a, sai 'ya'ya su kwantar da mahaifinsu a ɗaki, wani lokaci har da kulle ƙofa, suna zaton kariya ce. Nan kuwa tsoka za ta zube, gwiwa ta ƙage, gyambon kwanciya ya buɗe, ciwon huhu ya biyo baya. Ku shiga gidan da kanku ku duba dokin ƙofa, da tabarmar da bakinta ya naɗe, da silifas mai santsi, da duhun hanyar bayan gida, wanda galibi na tsuguno ne.

Idan ya ƙi tashi, kada ku rubuta taurin kai. Mai yiwuwa ciwo ne da harshensa ya kasa faɗa, wanda za ku gani a yamutsewar fuska, ko kuwa maganin barci ne ya sa shi jiri. Sannan ku tambayi wadda take jinyarsa dare da rana, 'ya ce ko suruka, ku koya mata yadda za ta tashe shi ba tare da ta finciki hannunsa ko ta ɓata bayanta ba, ku sa ta gwada a gabanku kafin ku yi sallama.

Haza wassalam.