Shin Karkarar Montgomery Za Ta Yi Wa Mai Son Gona?

Duk lokacin da muka haɗu a Gaithersburg, sai wani ya tayar da maganar sayen fili a bayan gari, ya yi noma, ya kiwata raguna, ya huta da cefanen kanti. To bari mu duba abin da idon basira.

Tun 1980 ƙaramar hukumar Montgomery ta keɓe eka kusan 93,000, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙasarta, domin noma kawai. Yankin ya haɗa da kewayen Poolesville, Barnesville da Dickerson. Doka ta ce gida ɗaya a kowace eka 25. Wannan ne ya hana gine-gine cinye gonakin, kuma shi ne ya sa mai albashi ba zai iya sayen wuri cikin sauƙi ba. Wanda bai taɓa noma a Amurka ba, gara ya fara da haya. Akwai shirin Land Link Montgomery da ke haɗa masu fili da masu neman inda za su noma.

Ƙasar tana da kyau, ruwan sama ba ya yankewa. Kuɓewa, tumatir, barkono da alayyahu suna yi sosai tsakanin Mayu da Oktoba. Zogale kuwa sanyi ke kashe shi, kuma barewa za ta riga ka girbi in ba ka yi shinge mai tsawo ba.

Inda nake so a tsaya a yi tunani shi ne wuta da ruwa. Daren 29 ga Yuni 2012 guguwa ta kayar da itatuwa kan wayoyi, wasu gidaje suka kai mako guda babu lantarki cikin tsananin zafi. A Fabrairun 2010 ƙanƙara ta rufe hanyoyi kwanaki. Yawancin gidajen gona rijiyar burtsatse suke sha, famfonta kuma da lantarki yake aiki. Wuta ta ɗauke, ruwa ya tafi, har na ban ɗaki. Kuma galibin waɗannan famfuna wutar 240 suke ci, ƙaramin janareto mai 120 ba zai tayar da su ba. Mu da muka taso da janareto a gida muna ganin mun san kansa, amma ajiye shi a gareji yana aiki, hayaƙinsa kisa yake yi. A waje ake sa shi, nesa da taga.

Kafin sa hannu a takarda, a gwada ruwan rijiyar, a duba ramin masai, a nemi sakamakon gwajin iskar radon, wanda dokar Montgomery ta wajabta tun 2016. Mai aiki a Bajiniya kuma ya sani jirgin fito na White's Ferry ya tsaya a Disambar 2020, saboda haka ya auna tafiyarsa da zagaye.