Zumuncin Ƙasashe Ba Ya Cika Sai An Tsare Hakkin Ɗan Ƙwadago

  

A cikin shekarar 1955 ƙasashe 29 na Asiya da Afirka suka taru a birnin Bandung ta ƙasar Indonesiya, suka ƙulla alkawarin taimakon juna, gama dukkansu sun ɗanɗani ɗacin talauci, yawancinsu kuma sun sha mulkin Turawa. Alkawarin nan bai tafi a banza ba. A 1975 Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya fara aiki a Jidda, yana ba da kuɗin hanyoyi da makarantu da rijiyoyi ba tare da riba ba. A 1987 Nijeriya ta kafa ƙungiyar aika likitoci da malaman makaranta zuwa ƙasashen Afirka da wasu tsibirai, su yi shekara biyu suna aiki. Wannan duk abin yabo ne.

Amma taimakon nan tsakanin hukuma da hukuma ya ke. Akwai wani wanda ba a cika tunawa da shi ba, watau talakan da ya bar garinsu ya tafi ƙasar 'yan'uwa neman halaliyarsa da ƙarfin jikinsa. Lalle a kansa ne ya kamata a auna zumunci, gama ba shi da wakili a majalisa, ba shi da dangi a kusa.

A dubi al'adar nan ta kafala a ƙasashen Larabawa na Gabas. Kowane almajirin da ya karanta fiƙihu ya san kafala lamuni ce, mutum ya tsaya wa ɗan'uwansa. A mazhabar Malikiyya aikin alheri ne, har ba a yarda a karɓi lada a kansa ba. Fatake sun san irinta a zangon Kumasi, inda maigida kan saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a cinikin goro. To, sunan nan mai kyau shi aka ɗora wa wani tsari inda zaman ma'aikaci a ƙasa ke rataye a wuyan ubangidansa. Da yawa an karɓe musu fasfo, an riƙe albashinsu wata da watanni, in sun gudu kuma su ne masu laifi. Alhali kuwa babin ijara bai bar duhu ba: a san aikin, a san ladan, a biya idan lokaci ya yi.

Kada kuma a ce laifin na Larabawa ne kaɗai. A watan Nuwamba 1969 hukumar Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, cikinsu har da Hausawan da aka haifa a zango. A Janairu 1983 hukumar Nijeriya ta yi wa mutanen Gana da wasu maƙwabta irin wannan kora, ko da ya ke tun 1979 ƙasashen yammacin Afirka sun sa hannu kan 'yancin shige da fice. Wanda ya kori baƙonsa, da wane baki zai roƙi a riƙe ɗansa da mutunci a wani gida?

Mutanen Asiya sun nuna hanya. A 2003 ƙasashe goma masu aika ma'aikata, irin su Indiya da Bangaladash da Filifin, suka zauna a Kolombo don su daidaita bakinsu. A 2008 suka zauna da ƙasashen da ke ɗaukar ma'aikatan a Abu Dabi. Dalili a fili ya ke ga duk ɗan kasuwa: idan masu kaya suka riƙa karya wa juna farashi, mai saye ne ke dariya. Ƙasar da ta ce sai an kyautata wa 'ya'yanta, ita kaɗai, za a juya a ɗebo na maƙwabciyarta da araha. Sauyi kuwa mai yiwuwa ne. A 2020, bayan matsin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, Katar ta yanka mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 a wata, ta kuma yarda ma'aikaci ya sake wurin aiki ba sai da izinin ubangida ba.

Saboda haka wajibi ne hukumomin Afirka su haɗa kai kan sharaɗi guda: takardar aiki rubutacciya da harshen da ma'aikaci ke ji, fasfo a hannun mai shi, da ofishin jakada mai karɓar kuka. Duk lokacin da za a karɓi rance ko kyauta, a sa wannan magana a kan faifai ɗaya. Malamai kuma su faɗakar a majalisu, fatake su guji zama dillalan da ke tura yara da 'yan mata ba takarda ba sanin makoma.

Allah Ya kare matafiya, Ya sa shugabanni su ji tausayin talakawa, amin. Haza wasalam.