Sharhi: Nauyi uku da mai wayar salula ke ɗauka a Jimeta

A ranar 20 ga Janairun 2025 ne Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na saƙo da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Kamfanonin sun nemi a ninka farashin ne gaba ɗaya, suna masu kafa hujja da cewa tun shekarar 2013 ba a taɓa shi ba. Hukumar ta rage abin da suka nema, ta kuma jingina ƙarin a kan alƙawari guda, wato za a zuba kuɗin wajen inganta sabis.

Cikar wannan alƙawari ba a Abuja ko Legas ya kamata a auna ta ba. Ma'auni na gaskiya yana unguwanni irin su Limawa, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa a Jihar Adamawa, inda kaya ke isowa bayan sun ratsa fiye da kilomita 1,000 daga tashoshin ruwa na Legas. A irin wannan wuri, mai waya yana biyan kuɗi sau uku: a kan wayar kanta, a kan wutar da za ta raya ta, sannan a kan layin da zai sa ta yi amfani. A kowane mataki doka ta ba shi haƙƙi, amma ƙalilan ne ke iya karɓarsa.

Daga ƙawa zuwa larura

Lokacin da Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan 2001, riƙe waya alama ce ta wadata. Shigowar Glo a 2003 da tsarin lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa ta karya farashi, wayar ta shiga hannun talaka. A yau ɗalibin da zai rubuta jarrabawar JAMB sai ya mallaki layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Mai shago a Babbar Kasuwar Jimeta yana jiran saƙon banki kafin ya miƙa kaya. Mai sana'ar POS kuwa jarinsa gaba ɗaya yana rataye ne a kan sabis.

Mutanen Adamawa sun fi da yawa daga cikin 'yan Najeriya sanin ma'anar rasa layi. A watan Mayun 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, an katse sadarwar salula saboda dalilan tsaro, ba a kuma maido da ita a Adamawa ba sai a watan Yuli. Shekaru goma bayan nan, ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya tilasta wa har mai sayar da kayan miya karɓar kuɗi ta waya. Tun daga lokacin, duk tangarɗar da ta shafi sabis ta zama tangarɗar ciniki.

Nauyi na farko: farashin wayar

Kusan dukkan wayoyin da ake sayarwa a Najeriya daga waje ake shigo da su, da dala kuma ake biya. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusa da Naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Ƙari a kan haka, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin dakon kaya. Wayar da ta taso daga kasuwar Computer Village ta Ikeja, ko daga Farm Centre a Kano ta biyo ta Gombe da Numan, tana isa Jimeta ne da kuɗin mota da ribar kowane hannu da ta bi.

Wannan ya sa wayoyin kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wato Tecno da Infinix da itel, suka mamaye kasuwa, domin an ƙera su ne da la'akari da aljihun mai ƙaramin ƙarfi: gurbin layi biyu, batir mai jimiri, farashi mai dama-dama. Wanda kuɗinsa bai kai sabuwa ba sai ya koma ga ta hannu, ko wadda ake kira 'yar Landan. A nan ne haɗari yake. Akan sami wayar da aka sauya wa gilashi ko batir da na jabu, aka mayar da ita kwali kamar ba a taɓa buɗe ta ba. Akan kuma sami ta sata, wadda kan jefa mai saye hannun 'yan sanda alhali bai san hawa ba bai san sauka ba.

Akwai kariya mai sauƙi da ba ta cin ko sisi. Kowace waya tana da lambar IMEI, wadda ke bayyana idan aka danna *#06#. Ya kamata mai saye ya gwada ta da wadda ke jikin kwali, ya kuma sa a rubuta ta a kan rasit tare da sunan shagon. NCC tana wallafa jerin wayoyin da ta tantance ta amince a sayar a ƙasar nan. Haka kuma, kafin mutum ya ƙara kuɗi don sayen waya mai 5G, ya dace ya tabbatar da cewa wannan sabis, wanda MTN ya fara a 2022 Airtel kuma a 2023, ya iso unguwarsa.

Nauyi na biyu: wuta da kayan haɗi

Waya ba ta aiki sai da caji, cajin kuma a Jimeta ba shi da tabbas. Kamfanin rarraba wutar lantarki na Yola, YEDC, wanda ke kula da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, yana samun wuta ne ta babban layin da ya taso daga Jos ya ratsa Gombe. Lalata turakun wannan layi a watan Afrilun 2024 ya jefa yankin cikin duhu, sannan a watan Oktoban shekarar akasarin jihohin Arewa suka shafe kwanaki babu wuta. Shi ya sa shagunan cajin waya da janareta, da ƙananan faifan sola, da ma'ajiyar caji da ake kira fawa-bank, suka zama wani haraji da babu wanda ya rubuta shi a doka.

Yanayi ma yana da nasa kason. A watannin Maris da Afrilu zafi a Yola kan haura digiri 40, zafi kuma shi ne babban abokin gabar batirin waya. Batirin da ake caji a cikin rumfar kwano da tsakar rana, ko ake barin sa a jikin caja maras inganci, ya fi saurin mutuwa ko kumbura.

A nan ne garaɓasar kayan haɗi ke yaudarar mutane. Lambar da ake rubutawa a jikin fawa-bank tana nuna abin da ke cikin batirinta ne, ba abin da zai isa waya ba, domin wani kaso yana salwanta wajen sauya ƙarfin wutar. Ko ta gaske ce, mai lamba 10,000 ba za ta cika wayar da batirinta yake 5,000 sau biyu cur ba, abin da za ta yi bai wuce sau ɗaya da rabi ba. Ta jabu kuwa, lambar tawada ce kawai. Idan aka ga ƙarama, sakayau a hannu, an rubuta mata lamba mai yawa, farashinta kuma ya faɗi ƙasa warwas, to Hausawa sun riga sun faɗa: araha ba ta ado. Cajar da ba ta da abin daidaita wuta kan ƙona mashigar cajin waya, kuɗin gyaran kuma ya ninka abin da aka yi tattali. Alhakin hana irin waɗannan kaya shigowa yana wuyan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, amma yawansu a kan teburan 'yan tireda ya nuna cewa ragar tana da ɓula.

Nauyi na uku: layi

Bayan amincewar NCC, saƙon tes ya tashi daga Naira 4 zuwa Naira 6. A watan Fabrairun 2025 MTN ya mayar da wani tsarin data na gigabait 15 daga Naira 2,000 zuwa Naira 6,000, lamarin da ya tayar da ƙura har kamfanin ya nemi afuwar abokan hulɗarsa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, ta yi kira da a riƙa ƙaurace wa layukan na wasu sa'o'i a kullum. Daga watan Yunin 2025 kuma aka fara cire Naira 6.98 daga katin waya a kan kowane daƙiƙa 120 na hada-hadar banki ta lambobin USSD, hanyar da masu ƙananan wayoyi suka fi dogaro da ita.

Adalci ne a saurari ɓangaren kamfanonin. Kayan aikinsu da dala suke saye, akasarin turakunsu kuma da man dizal suke aiki dare da rana. MTN Najeriya ya bayyana asarar kimanin Naira biliyan 400 a shekarar 2024, mafi yawanta saboda faɗuwar darajar Naira. Masu aikin hanya da ɓarayi suna yanke wayoyin da aka binne a ƙasa, wanda hakan ya sa Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a 2024 kan umarnin da ya ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa. Wata matsalar ma daga teku take tasowa, kamar yadda aka gani a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka tsaya cak.

Sai dai duk waɗannan dalilai ba su sauke nauyin da ke kan kamfanonin ba. Mai POS a Limawa da aka cire wa abokin cinikinsa kuɗi ba su shigo ba, shi ne zai sha rigima, ba mai aikin hanyar da ya yanke waya ba. Datar da aka saya ta kwana bakwai ba ta tsayar da lissafi don sabis ya ɗauke. Abin da ya faru a ƙarshen Yulin 2024, lokacin da aka rufe layuka masu ɗimbin yawa kan batun haɗa su da NIN har sai da NCC ta ba da umarnin buɗe su, ya nuna yadda ake iya yanke wa mutum hanyar abincinsa a dare ɗaya. Riƙe layi biyu ko uku da akasarin jama'a ke yi shi kansa shaida ce ta rashin amincewa da kowanne daga ciki.

Haƙƙin da ke kwance a takarda

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka gaza inganci cikin watanni uku, a gyara masa, ko a sauya, ko a biya shi kuɗinsa. Rubutun da wasu 'yan kasuwa ke yi a ƙasan rasit cewa ba a mayar da kayan da aka saya bai soke wannan dama ba.

A ɓangaren layi, NCC ta haɗe gajerun lambobin kamfanoni tun 2023: 300 don kiran ofishin kula da abokan hulɗa, 310 don duba kuɗi, 323 don duba ragowar data. Wanda ya kai ƙorafi ga kamfaninsa bai gamsu ba, zai iya kiran hukumar kyauta ta 622. Lambar 2442 tana toshe saƙonnin talla da ba a nema ba. Tun watan Afrilun 2013 mutum na iya ƙaura zuwa wani kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. A watan Mayun 2025 kuma hukumar ta wajabta wa kamfanoni sanar da jama'a duk wata babbar katsewar sabis, tare da biyan diyya, kamar tsawaita wa'adin data, idan katsewar ta wuce sa'o'i 24.

Matsalar ita ce waɗannan tanade-tanade sun fi yawo a shafukan intanet da harshen Ingilishi, alhali cinikin waya a Jimeta da Hausa da Fulfulde ake yin sa, galibi kuma da baki, babu rasit. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba daidai yake da babu.

Abin da ya rage

Gyaran yana buƙatar hannu da yawa. Ya kamata hukumar NCC, ƙarƙashin Dakta Aminu Maida, ta riƙa fitar da sakamakon ingancin sabis jiha-jiha da ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma cikin harsunan da jama'a ke ji, ta gidajen rediyo, domin mazaunin Limawa ya san wane layi ne ya fi ƙarfi a unguwarsa kafin ya sayi kati. Diyyar katsewar sabis ta riƙa shiga da kanta, ba sai an roƙa ba. Gwamnatin Adamawa, wadda ke cikin jihohin da suka yafe kuɗin izinin binne wayoyin sadarwa, tana da hurumin tambayar kamfanoni abin da jihar ta samu a madadin wannan rangwame, ta kuma wajabta wa 'yan kwangilar hanya tuntuɓar su kafin su fara tono.

Ƙungiyoyin masu sayar da waya da masu gyara a Jimeta su ma suna da rawar takawa, ta hanyar tilasta wa mambobinsu bayar da rasit mai lambar IMEI da garanti a rubuce, domin ɗan kasuwa mai gaskiya shi ne ya fi cutuwa idan jabu ta cika kasuwa. Mai saye kuma ya karɓi rasit, ya gwada kaya a gaban mai shago, ya adana lambar ƙorafinsa.

An riga an biya ƙarin kashi 50 ɗin, ana kuma ci gaba da biyansa kullum. Abin da jama'a ke bin kamfanoni da hukumomi bashi shi ne ɗaya rabin yarjejeniyar: kira ya shiga, kuɗi su isa inda aka tura su, wanda aka cuta kuma ya sami inda zai kai kuka a saurare shi.