RA'AYINMU: Ɓarawon Da Ke Barin Kaya Ya Tafi Da Mabuɗi

 

A wannan wata mun ga ya dace mu ja hankalin 'yan uwa masu karatu zuwa ga wani nau'in zalunci da ya game duniya. Abin da muka sani ga ɓarawo shi ne ya fasa ɗaki ya kwashe kaya. To shi wannan, ta intanet yake shigowa cikin kwamfutarka, ya bar maka takardunka da hotunanka da lissafinka a inda suke, ya garƙame su da kwaɗonsa, ya tafi da mabuɗi, sannan ya bar maka wasiƙa cewa in kana son ka sake ganinsu sai ka biya fansa. Wannan shi ne garkuwa da bayanai. Kuma tunda makarantu da asibitoci da shaguna da ofisoshi sun mayar da rajistocinsu cikin kwamfuta, lalle babu wanda zai ce abin bai shafe shi ba.

Al'amarin ya daɗe. A shekarar 1989 wani masanin halittu ɗan Amurka, Joseph Popp, ya aika wa masu binciken cutar ƙanjamau faya-fayan kwamfuta kusan 20,000 ta gidan waya, da sunan bayani ne kan cutar. Duk wanda ya saka faifan, idan ya kunna kwamfutarsa sau 90 sai sunayen fayilolinsa su hargitse, a nemi ya aika dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a ƙasar Panama. Wancan kwaɗo mai rauni ne, masana suka ɓalle shi ba da jimawa ba. Amma daga shekarar 2013, lokacin da manhajar CryptoLocker ta bayyana, abubuwa biyu suka haɗu a hannun azzalumai: kulli mai ƙarfin gaske, da kuɗin intanet irin su Bitcoin, waɗanda ake karɓa daga ko'ina ba tare da an bi ta banki ba.

Yaya wannan muguwar manhaja take aiki? Matakinta na farko shi ne shiga, kuma galibi ta ƙofa uku: saƙon imel na yaudara mai ɗauke da fayil ko mahaɗin da aka ce ka danna; kalmar sirri mai sauƙi ko wadda aka sace; da kuma ɓaraka a jikin manhajar da mai ita bai sabunta ba. Mataki na biyu, ɓarawon yakan yi kwanaki yana kewaya kwamfutocin ofis a ɓoye, yana neman kwafin ajiya domin ya goge shi tun da wuri. Na uku shi ne kullewa. Manhajar tana hargitsa abin da ke cikin kowane fayil ta hanyar lissafi, da wani mabuɗi na lambobi, sannan ta kulle shi kansa mabuɗin da wani kulli na biyu. Misalin kulli na biyun kamar kwaɗo ne: kowa na iya danna shi ya rufu, amma ba ya buɗuwa sai da mabuɗin da ke aljihun mai shi, shi kuwa yana can wata ƙasa. Idan an yi kullin yadda ya kamata, ko an haɗa kwamfutocin duniya suna canki, ba za su dace da mabuɗin ba a tsawon rayuwar ɗan Adam. Saboda haka mai gyaran kwamfuta na iya cire cutar, amma cirewar ba ta buɗe fayil ko ɗaya.

To a nan ne maganarmu take. Duk ƙarfin wannan azzalumi ya dogara ne ga sakacinmu: ƙofar da muka bari a buɗe, da kwafi ɗaya tilo da muka dogara da shi. Ga hujjoji.

A ranar 12 ga Mayu, 2017, manhajar WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman dala 300 a kan kowace. A Ingila an soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000, wasu asibitoci kuma suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare. Abin takaicin shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran da ke toshe wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar. Magani ya yi wata biyu a ƙofar gida, ba a sha ba.

Bayan 'yan makonni, a watan Yuni na 2017, wata manhajar mai suna NotPetya ta ɓulla daga ƙasar Yukren. Ta zo da siffar neman fansa, alhali an gina ta ne domin ɓarna, ko ka biya babu mabuɗi. Cikin waɗanda ta durƙusar har da Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmak, wanda ya yi hasarar kusan dala miliyan 300. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da tsarin shiga na ma'aikatan kamfanin duk sun lalace a lokaci guda, domin a haɗe suke da juna, sai guda ɗaya a ofishinsu na Ghana, wadda ɗaukewar wutar lantarki ta raba ta da sauran kafin cutar ta iso. Aka ɗauko faifanta aka kawo Nijeriya, daga nan wani ma'aikaci ya tashi da shi zuwa Landan, da shi aka sake gina tsarin. Mai hankali ya yi tunani: abin da ya ceci wannan katafaren kamfani shi ne kwafi ɗaya da ba ya haɗe da komai. Su katari suka yi. Mu kuwa wajibi ne mu yi haka da gangan.

Wani zai ce, ai sai a biya a huta. A watan Mayu na 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun man da ke ciyar da gabashin Amurka, ya biya kusan dala miliyan 4.4, bayan an shige shi ta wata tsohuwar kalmar sirri da ba ta da mataki na biyu na tantancewa. An ba su mabuɗin, amma yana da nawar aiki, har sai da suka haɗa da nasu kwafin ajiyar. Ga kuma wata sabuwar makida da ta yaɗu tun ƙarshen 2019: kafin su kulle sai sun kwashi kwafin bayanan, su yi barazanar tona asirin mutane. Wa zai lamunce maka alƙawarin ɓarawo cewa ya goge abin da ya sata? Ba mu zargin wanda larura ta kai shi bango, amma gaskiya ita ce duk fansar da aka biya jari ce ta kai wa wani hari gobe.

Saboda haka muke kira ga duk wanda ke riƙe da bayanan jama'a, shugaban makaranta ne ko ma'aji ko sakatare ko mai shago, da ya kiyaye waɗannan abubuwa:

Na farko, a ajiye kwafi 3 na duk wani muhimmin bayani, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Faifan ajiya ko filashin da aka bari a maƙale da kwamfuta, tare za a kulle su. A zare shi da zarar an gama kwafi. Kuma lokaci-lokaci a gwada buɗe kwafin, domin rumbun da ba a leƙawa gara ce ke cin sa.

Na biyu, a riƙa sabunta manhajoji da zarar gyara ya fito, a kuma nisanci manhajar sata, domin sau da yawa a cikinta ake cusa cutar.

Na uku, kowane asusu da tasa kalmar sirrin mai tsawo, tare da mataki na biyu na tantancewa ta waya. Ma'aikacin da ya bar aiki a rufe asusunsa a ranar.

Na huɗu, kada a buɗe fayil ko a danna mahaɗin da ba a yi tsammaninsa ba, ko da da sunan ɗan uwa ya zo, sai an kira shi an tabbatar.

Idan kuwa abin ya riga ya auku, a cire wayar intanet a raba kwamfutar da sauran nan take. Kada a goge fayilolin da aka kulle, kada kuma a jona kwafin ajiya sai an wanke kwamfutar an sake zuba mata manhaja. A ɗauki hoton wasiƙar fansar, a sanar da hukuma, a canza kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta, a kuma faɗa wa waɗanda bayanansu suka salwanta gaskiya. Akwai shirin No More Ransom, wanda 'yan sandan Tarayyar Turai da na Holan suka kafa a 2016 tare da wasu kamfanonin tsaro, yana ba da mabuɗan wasu nau'o'in cutar kyauta. A duba shi kafin a fid da rai.

'Yan uwa, sakamakon jarrabawar ɗalibi, da takardar marar lafiya, da lissafin bashin abokin ciniki, duk haƙƙin mutane ne da aka damƙa mana amana. Faifan ajiya bai kai kuɗin kwamfutar da ake son ya kare ba, kwafin mako ma ba ya cin sa'a guda. Muna fatan kafin fitowarmu ta wata mai zuwa kowane ofishi da makaranta za su yi kwafinsu, su zare shi, su sa a adaka. Allah Ya tsare mu daga sharrin azzalumai, Ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.