Kafin Mu Rubuta Yaƙi, Mu Fara Jera Shi a Kan Tebur

 

Yau za mu ɗauko zancen da muka san wasu za su yi wa dariya tun kafin su kai ƙarshensa: tara 'yan ƙananan sojojin roba ko na dalma, a yi musu fenti, a jera su a kan tebur a gwabza yaƙi da su bisa ƙa'ida, sannan a haɗa wannan da wasannin dabaru na allo masu taswira. Sha'awa ce da ta yi ƙarfi a Ingila da Amurka da sauran ƙasashen Turawa, kuma har masu furfura suna yin ta. Ra'ayinmu shi ne duk mai rubuta labarin yaƙi ko na sarauta a cikinmu ya kamata ya gwada, ko da da marafan kwalba ne.

Ga abin da ya kai mu ga wannan ra'ayi. A wani zaman karatu na ƙungiyarmu mun karanta wani babi da muke ji da shi, inda rundunar sarki mai mahaya dubu goma ta tashi da faɗuwar rana, ta haye kogi a tsakiyar damina, ta dira ƙofar birnin abokan gaba kafin asuba. Aka tafa mana. Sai wani dattijo a cikinmu ya gyara zaman gilashinsa ya ce, "Ɗana, labari ya yi daɗi. Amma da wane jirgi dawakin nan suka haye? Kuma me suka ci a hanya?" Muka yi tsuru-tsuru, don ba mu da amsa. Kalmomi kawai muka tara, filin yaƙin kuwa ba mu taɓa ganin sa ko a zuci ba.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ciwo ba. Mu duba labaran yaƙin da yawancinmu ke rubutawa. Jarumi ɗaya ya sare mutum dubu, ƙura ta turnuƙe, jini ya malala, shi ke nan an gama. Ba a san inda tudu yake ba, ba a san inda kwari yake ba, ba a faɗi abin da ya sa ɗaya ɓangaren ya karye ba. Mai karatu ya san wanda zai yi nasara tun daga shafin farko, don haka sai ya tsallake yaƙin ya wuce wurin soyayya. Alhali rundunar da ke tafe a ƙasa da kayanta da ƙyar take cin kilomita 20 zuwa 30 a yini, kuma dole ta bi inda ruwa yake. Irin wannan takurar ce ke haifar da labari, ita ce kuma wasan tebur ke tilasta wa mutum ya lissafa.

Asalin abin ma ba na yara ba ne. A shekarar 1824 wani hafsan sojan daular Purusiya ta Jamusawa, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa shugabannin soja wasan da ya gyara daga na mahaifinsa, mai suna Kriegsspiel, wato wasan yaƙi. Ana buga shi a kan taswira ta gaske, da 'yan gutsattsarin ƙarfe ja da shuɗi a madadin runduna, kowane zagaye yana matsayin minti biyu na yaƙi, ga alƙali a tsakiya da ke yanke hukuncin abin da ya faru. Sojan ƙasar ya karɓe shi don horar da hafsoshi, kuma bayan Purusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 wasu ƙasashe suka kwaikwaya.

Abin da ya fi shafar mu shi ne alaƙar wannan wasa da marubuta. A 1826 wani limamin coci a ƙauyen Haworth na Ingila, Patrick Brontë, ya sayo wa ɗansa Branwell sojojin katako goma sha biyu. Yaron da 'yan uwansa mata, Charlotte da Emily da Anne, kowa ya zaɓi nasa ya raɗa masa suna, suka ƙirƙira musu ƙasa da sarauta da yaƙe-yaƙe, suna rubuta tarihinsu a 'yan ƙananan littattafai. A can suka koyi rubutu. Charlotte ce ta fitar da Jane Eyre a 1847, Emily kuma Wuthering Heights a shekarar. Robert Louis Stevenson, mai Treasure Island, lokacin da yake jinya a garin Davos na Suwizalan a farkon shekarun 1880, yakan zana taswira a daɓen ɗaki su yi ta yaƙin sojojin dalma da agolansa Lloyd Osbourne, har yana rubuta rahoton kowace fafatawa kamar ɗan jaridar fagen fama. H. G. Wells kuwa littafi guda ya wallafa a 1913 mai suna Little Wars, wanda ya shimfiɗa wa talakawan 'yan wasa dokoki masu sauƙi.

Abin bai tsaya nan ba. Daga dokokin sojojin tebur na Chainmail da Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar a 1971 aka samu wasan Dungeons & Dragons a 1974, wanda kusan gaba ɗayansa ƙirƙirar labari ne a baki. Kamfanin Games Workshop da aka kafa a Landan a 1975 ya fito da Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987, yau kuma yana da sashen ɗab'i mai suna Black Library da ya buga ɗaruruwan littattafan ƙagaggun labarai a kan duniyar wasan. Wato akwai marubutan da ke cin abinci daga labarin sojojin roba.

To mene ne amfanin haɗa wasannin biyu? Kowannensu rabin yaƙi yake nunawa. Wasan allo irin Risk, wanda Albert Lamorisse, mai shirya fim ɗan Faransa, ya ƙirƙira aka fitar a 1957, yana da taswirar duniya mai yankuna 42. A nan ana koyon tunanin sarki: ina za a kai hari, wace iyaka za a tsare, da wa za a ƙulla ƙawance. Amma idan runduna biyu suka haɗu, cikin ƙiftawar ido ake yanke hukunci, ba a ganin komai. Sojojin tebur kuma suna nuna tunanin sarkin yaƙi: ina za a ɓoye 'yan baka, yaushe mahaya za su faɗa, wa zai riƙe mashigi. Sai dai idan aka buga su su kaɗai, kowa yana iya ƙarar da mutanensa, tunda babu gobe.

Masu wannan sha'awa sukan ɗinke su kamar haka. Ana motsa runduna a kan taswirar allo, zagaye bayan zagaye. Duk inda biyu suka yi karo, sai a dakata, a koma tebur a shirya filin daidai da yankin, in kogi ne kogi, in dutse ne dutse, kowa ya jera sojoji gwargwadon ƙarfin da ya kawo wurin. Abin da aka rasa a tebur an rasa shi a taswira. Wanda ya ci yaƙin yau da asarar rabin dawakinsa, gobe zai ga dara ta ci gida. Nan take mutum zai fara ja da baya ba don tsoro ba, zai fara neman sulhu, zai fara tunanin cin amanar abokin ƙawance. Mu ajiye littafi a gefe mu rubuta abin da ya faru bayan kowane zama, mu ba shugabannin rundunonin suna. Kafin wata guda za mu tarar da ƙashin bayan littafi a hannunmu, da juye-juyen da ba mu muka tsara su ba.

Ga mai son farawa, shawararmu ta farko ita ce kada ya fara da saye. Ya fara da zaɓen zamani: na takobi da mashi ne, na bindigar toka ne, ko duniyar da ya ƙirƙira da kansa. Sannan ya nemi dokoki masu sauƙi. De Bellis Antiquitatis, da ya fito a 1990, misali ne mai kyau: kowace runduna gungu 12 ce kacal, filin bai wuce faɗin ƙafa biyu ba in da ƙananan sojoji ake bugawa, kuma ana gamawa cikin kamar awa guda. Ya yanka kwali, ya rubuta "mahaya" ko "'yan baka" a kai, ya buga sau biyar ko shida. In abin ya zauna masa, sai maganar kuɗi.

In an zo saye, a tsaya kan girma ɗaya. Akwai masu tsawon milimita 28, su ne suka fi kyau a ido kuma suka fi tsada, akwai masu milimita 15, akwai kuma na roba masu ma'aunin 1/72, tsawonsu kusan inci guda, irin waɗanda kamfanonin Airfix da Italeri ke yi, galibi arba'in zuwa hamsin a kwali ɗaya. Waɗannan na ƙarshen su suka fi dacewa da aljihu irin namu. In aka cakuɗa girma biyu, sai ka ga dakare ya fi doki tsawo. A sayi ƙananan runduna biyu maimakon babba ɗaya, domin da wuya abokin wasanmu ya zo da tasa. A wanke su da sabulu, a shafa fentin shimfiɗa, a bi da fentin ruwa marar kauri kala uku ko huɗu, a manna su da gam a kan kwali mai tauri. Tudu kuwa kwali ne da yashi, itace soso ne da tsinke, kogi kuma ƙyalle shuɗi. Kada a sayi sabon kwali sai an gama fentin na hannu. Su kansu Turawan masu wannan harka har suna suka sa wa tarin da aka saya aka kasa fentawa, suna ce masa tulin abin kunya.

Mun san akwai masu ja, kuma suna da hujja. Wani zai ce kayan nan daga waje suke zuwa, da dala ko fam ake sayen su, marubucin da ke neman kuɗin buga littafi ina shi ina wannan? Gaskiya ne. Shi ya sa muka ce darasin yana cikin awo da ƙa'ida da taswira, kuma marfin kwalba da rula suna bayar da shi daidai da sojan da aka yi wa fenti. Wani kuma zuciyarsa ba ta kwanta da ƙwayar lido ko mutum-mutumi ba saboda addini. Wannan a tambayi malamai, ba mu da hurumin fatawa. Abin da muka sani shi ne Kriegsspiel da gutsattsari aka buga shi, babu siffar mutum, kuma wasan Diplomacy na Allan Calhamer da ya fito a 1959 babu ƙwaya a cikinsa ko ɗaya, sai shawara da rubuta umarni a takarda. Ko darar gidanmu, mai gurbi 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, babu sa'a a cikinta sai hangen nesa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta wanda zai ce: mu da muke binne 'yan uwa saboda rashin tsaro, ina mu ina mai da yaƙi wasa? Ba mu raina wannan magana ba. Amma mu tambayi kanmu, wane ne ya fi mai da yaƙi wasa, wanda ya rubuta cewa jarumi ya kashe dubu ya koma gida yana murmushi, ko wanda ya kwashe sojojin da ya yi mako yana fentawa ɗaya bayan ɗaya daga tebur saboda kuskuren umarni guda? Wells mai ƙin yaƙi ne, kuma a ƙarshen littafinsa ya nuna cewa wanda ya buga ƙaramin yaƙi sau kaɗan zai gane irin shirmen da ke cikin babba. Shekara guda bayan fitowar littafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Masu karatunmu yara ne da matasa, kuma abin da muka nuna musu game da yaƙi amana ce a wuyanmu.

Abu ɗaya za mu ja wa kanmu kunne a kai: wasan hanya ce zuwa rubutu, kada ya cinye lokacin rubutun. Zama ɗaya a mako ya isa, kuma kada a tashi sai an rubuta shafi.

Mu dai mun koma kan wancan babin namu. Muka zana kogin a bayan tsohuwar kalanda, muka jera marafan lemo, muka auna. Rundunar ta yi kwana shida kafin ta isa, sarkin ya rasa kashi ɗaya cikin uku na dawakinsa a mashigi, ƙaninsa da ya ba shi shawarar a jira kaka ya zama abokin gabarsa. Babi ɗaya ya koma huɗu. Da muka sake karantawa a ƙungiya, Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, yanzu na ga kogin."

Aikin wannan mako ke nan ga mai sha'awa: ɗauko yaƙi ɗaya daga cikin rubutunka ko rubutunki, a zana filinsa, a jera shi da abin da ke hannu, a buga da wani wanda zai yi iya ƙoƙarinsa ya kayar da jarumin. Sai a zo a ba mu labarin abin da ya canza. Masu ganin mun yi kuskure kuma, fili naku ne, muna saurare.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, amin.