RA'AYI: Tsakanin Kundi Da Littafi Akwai Aikin Da Kasafin Kuɗi Ya Manta

A shekarar 1979 Mahmud Modibbo Tukur ya kammala kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a kan yadda Turawan Ingila suka kafa mulkinsu a Daular Sakkwato da Borno da maƙwabtansu daga 1897 zuwa 1914. Allah ya yi masa rasuwa a 1988. Kundin bai fito a matsayin littafi ba sai a 2016, da kamfanin Amalion na birnin Dakar ya wallafa shi. Shekara 37 ke nan, wanda duk yake son sanin abin da ke ciki sai ya nemi kwafin kundin. Tukur kuwa ba ɓoyayyen mutum ba ne: masanin tarihi ne da aka sani, kuma ya shugabanci ƙungiyar ASUU ta ƙasa. Idan aikin irinsa ya yi wannan jira, sai a ƙiyasta makomar kundayen waɗanda ba su da suna.

Kowace shekara jami'o'in Najeriya suna karɓar kundaye masu ɗimbin yawa, a yi masu bango mai kauri, a jera su a kanta. Wasu daga cikin marubutansu ma ba malaman jami'a ba ne. Ma'aikatan tarayya ne da suka yi shekaru suna zirga-zirga tsakanin ofis a Abuja da aji a Gwagwalada ko Keffi, ko manyan jami'an da suka rubuta bincike a Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Kuru. A cikin waɗannan takardu akwai ilimin da aka sha wahala kafin a samu, game da haraji da filaye da fansho da rikicin manoma da makiyaya. Abin da ya hana shi isa ga jama'a ba rashin injin ɗab'i ba ne. Akwai wani aiki tsakanin gama bincike da kai shi maɗaba'a, wanda ƙasar nan ba ta ware wa kuɗi ba, ba ta kuma horar da masu yinsa ba. Shi ne aikin editan tsari.

Kundi da littafi ba abu ɗaya ba ne, ko da batunsu ɗaya. Ana rubuta kundi ne domin mutum uku ko huɗu da za su zauna su yi wa ɗalibi jarrabawa, kuma burinsa ya nuna masu cewa ya karanta duk abin da ya kamata, ya kuma bi ƙa'ida. Shi ya sa ake cika babi guda da bitar ayyukan magabata, wani babin da bayanin hanyoyin bincike, a riƙa maimaita manufa a farkon kowane sashe da ƙarshensa. Masu jarrabawa dole ne su karanta, domin aikinsu ne. Mai karanta littafi babu wanda ya tilasta shi. Idan ya wuce shafi goma bai gane abin da marubucin yake son ya tabbatar ba, rufewa zai yi.

A nan editan tsari yake shigowa, kuma ya kamata a bambanta shi da mutum biyu da ake yawan haɗa shi da su. Na farko shi ne mai gyaran kurakurai, wanda yake duba nahawu da ƙa'idojin rubutu da waƙafi bayan an gama komai. Na biyu shi ne masanin da mujalla ko maɗaba'a take aika wa rubutu ya tantance, ya ce a karɓa ko a mayar. Shi wannan alƙali ne, hukunci yake yankewa, ba ya zama da marubuci su yi gyara. Editan tsari yana zuwa kafin su duka biyu. Yakan karanta rubutun daga farko har ƙarshe, sannan ya rubuta wa marubucin doguwar wasiƙa mai amsa tambayoyi kaɗan amma masu nauyi: mece ce hujjar da littafin yake kafawa, a jimla ɗaya? Wa ake rubuta wa? Kowane babi yana ɗaga hujjar gaba ko kuwa yana zagaye ne a wuri ɗaya? Ina shaida ta yi ƙaranci, ina kuma ta yi yawa har ta danne magana?

Sau da yawa abin da irin wannan karatu yake ganowa shi ne, ainihin sabon abin da mai bincike ya gano yana kwance a tsakiyar babi na biyar, bayan shafi ɗari biyu na shimfiɗa. Sai editan ya ba da shawarar a ɗauko shi a kai gaba, a taƙaita bitar magabata zuwa shafuka kaɗan, a haɗe babi biyu da suke faɗin abu ɗaya, a mayar da jadawalin da ba a tattauna ba zuwa rataye. Marubucin ne zai koma ya yi aikin da hannunsa, ya dawo da shi, a sake dubawa. Abu ne na watanni. Wanda ya shekara biyar cikin batu guda ba ya iya ganin inda baƙo zai yi tuntuɓe a cikinsa, komai zurfin iliminsa, domin shi ya riga ya san hanya.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Adabin Hausa na boko da ita ya fara tafiya. Bayan gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, an ɗauko Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce yana aiki kafaɗa da kafaɗa da East. Masana sun daɗe suna muhawara a kan iyakar tasirin East a waɗannan littattafai, kuma muhawarar tana da amfani, amma babu mai musun cewa an zauna a kan rubutun an yi masa aiki kafin a buga. A fagen ilimi mai zurfi kuma, jerin littattafan tarihi na Ibadan da kamfanin Longman ya fara fitarwa a 1965, ƙarƙashin kulawar Kenneth Dike, ya mayar da kundayen digiri na uku littattafan da har yau ake koyarwa da su. A cikinsa littafin Murray Last kan Daular Sakkwato ya fito a 1967, na R. A. Adeleye kan mulki da diflomasiyya a Arewa ya biyo a 1971. A Zariya, maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da na Mahdi Adamu kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, da na Yusufu Bala Usman kan Katsina a 1981.

Taɓarɓarewar tattalin arziki ta shekarun 1980 ce ta karya wannan al'ada. Da darajar naira ta faɗi bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin wallafa suka karkata ga littattafan firamare da sakandare masu kasuwa, maɗaba'un jami'o'i da dama suka koma karɓar kwangilar buga duk abin da aka kawo aka biya. Daga nan aka shiga zamanin da marubuci shi ne edita, shi ne mai biyan kuɗin ɗab'i, shi ne ɗan talla. Nasarar littafi ta koma ana auna ta da abin da aka tara ranar ƙaddamarwa a wani babban ɗakin taro, ba da yawan waɗanda suka karanta ba.

Maƙalun mujallu ma haka abin yake, ko ya fi muni. Ƙarin girma a jami'a ya rataya ne a kan yawan abin da malami ya wallafa, lokacin tantancewa kuma ba ya jira. Malamin da mujallar kirki ta mayar wa da maƙala tare da bayanin cewa hujjarsa ba ta fito fili ba, yana da zaɓi biyu: ya sami mai taya shi gano inda gizo yake saƙa, ko ya kai ta ga mujallun nan na intanet da suke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako biyu. Tun wajen 2010 Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, ya fara jan hankalin duniya ga irin waɗannan mujallu. Yawancin masu faɗawa hannunsu ba malalata ba ne. Mutane ne da aka koya wa bincike amma ba a koya wa gina rubutu ba, aka kuma sa masu wa'adi.

Gwamnatin tarayya ba ta yi sakaci da batun wallafa baki ɗaya ba. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993, yana samun kuɗinsa daga ribar kamfanoni, harajin da ya fara da kashi 2 cikin 100 ya kai kashi 3 a 2023. Daga cikin ayyukansa akwai tallafin bincike, da tallafin mujallun manyan makarantu, da shirin mayar da rubuce-rubucen malamai littattafai, ya kuma gina cibiyoyin wallafa a wasu jami'o'i. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai tallafin yakan riski rubutu ne a ƙarshensa biyu: lokacin da ake tattara bayanai, da lokacin da aka ce an gama a kai maɗaba'a. Tsakiyar, inda ake yanke ko littafin zai karantu ko ba zai karantu ba, an bar wa marubuci da sa'arsa.

Ma'aikacin tarayya yana da ruwa da tsaki a wannan magana fiye da yadda yake zato. Hadimin da aka ba kwana biyu ya shirya wa minista ko sanata taƙaitaccen bayani kan wata manufa ba zai iya kutsawa cikin kundi mai shafi ɗari huɗu ba. Abin da zai ɗauka shi ne rahoton Bankin Duniya ko na wata hukumar ƙetare, domin an tsara shi, hujjarsa tana shafin farko. Ba lallai ne rahoton ya fi binciken gida zurfi ba. Ya fi shi samun edita ne. Ta haka ake wayar gari ana tsara manufofin Najeriya da fahimtar baƙi, alhali an biya 'yan ƙasa kuɗin jama'a sun yi bincike a kan batun.

Akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wasu suna tsoron kada editan tsari ya rikiɗe ya zama mai rubuta wa mutum aiki a ɓoye, a ƙasar da sayen kundi ya riga ya zama ciwo. Amsar ita ce a ja layi a fili: edita yana tambaya, yana ba da shawara, ba ya ƙirƙiro hujja ko shaida, ba ya kuma taɓa kundin da ba a riga an yi jarrabawarsa ba sai da sanin mai duba ɗalibi. A kuma ambaci sunansa a shafin godiya, domin abin da ake yi a sarari ya fi wuyar lalacewa. Wasu kuma suna cewa manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT sun ɗauke wannan nauyi. Suna iya goge jimla, amma ba su san kwamitin majalisar da littafin ya kamata ya motsa ba, ba kuma za su ɗauki alhakin shawarar a jefar da babi guda ba. Sai ja na uku, wanda ba a cika furtawa ba: wanzami ba ya son jarfa. Farfesan da ya saba sa jan biro a takardun wasu yana jin nauyin ƙaramin ma'aikaci ya ce masa babinsa na biyu bai da amfani. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

An riga an gwada hanyar a nahiyar nan. Shirin tallafa wa masana ilimin ɗan'adam na Afirka, wanda majalisar ƙungiyoyin masana ta Amurka ta fara a 2008 da kuɗin gidauniyar Carnegie, ya haɗa da Najeriya da Ghana da Uganda da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Bai tsaya ga ba da kuɗi ba. Ya riƙa tara marubuta da ƙwararru su zauna a kan rubutun kowa, kafin a kai ga jerin littattafan da shirin ya wallafa. Abin da gidauniyar waje ta yi wa 'yan ƙalilan, asusun gida zai iya yi wa da yawa.

Matakan ba su da tsada idan aka kwatanta da ginin ɗakin taro guda. TETFund ya ware wani kaso bayyananne na tallafin littafi domin aikin editan tsari, ya sa rahoton editan da amsar marubuci cikin sharuɗɗan sakin kuɗin ɗab'i. Cibiyoyin wallafar da aka gina a ɗauki editoci na dindindin a cikinsu, da matakin albashi da hanyar ƙarin girma, kada su zama rumbun injina kawai. Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙarfafa sassan harsuna da aikin jarida su koyar da edita a matsayin sana'a, da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo, domin mai rubuta nazari da harshen gida ya fi kowa rashin mai duba masa. Cibiyoyi irin na Kuru su zaɓi mafi ingancin binciken mahalartansu kowace shekara, a yi masa wannan aiki, a fitar da shi ga jama'a. Kwamitocin ƙarin girma kuma su daina ƙirga littafin da aka yi wa aiki daidai da wanda aka buga cikin mako guda.

Waɗanda za su iya sa wannan a takarda ba su da nisa. Su ne jami'an da suke tsara daftarin kasafi a ma'aikatar ilimi, da hadiman kwamitocin majalisa masu sa ido kan manyan makarantu. Layi ɗaya ne a kasafin shekara mai zuwa. Wasunsu ma suna da kundin kansu a saman kabad, yana jiran wanda zai karanta shi ya gaya masu ta inda littafin yake farawa.