Dokar Kare Ma'aikaci Ta Shafi Yaron Shago Ma

Duk wanda ya shiga Birnin Zazzau ta Ƙofar Doka zai tarar da samari a bakin aiki: wannan yana walda ba tabarau, wancan yana kan injin niƙa da belinsa a buɗe. In injin ya cinye yatsun yaro, sai maigida ya biya kuɗin magani na kwana biyu, a ce tsautsayi ne, maganar ta mutu. 'Yan'uwa, doka ba haka ta ce ba.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗauki duk wurin da ake ƙera kaya ko gyara su don kasuwanci a matsayin masana'anta, ko da mutum ɗaya aka ɗauka aiki. Ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, a tanadi ruwan sha da akwatin magani da hanyar fita in gobara ta tashi. Haɗarin da ya kashe ma'aikaci, ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3, dole a sanar da sufeton Ma'aikatar Ƙwadago.

Sai dai tarar da aka yanka wa wanda sakacinsa ya jawo mutuwa ko rauni ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin shekara 2. A 1987 wannan kuɗi ne mai tsoka, yau kuwa ko buhun siminti ba zai saya ba. Ƙasar nan ta ga illar sakaci a watan Satumba na 2002, lokacin da gobara ta hallaka ma'aikata da dama a wata masana'antar roba a Ikorodu ta Jihar Legas, bayan an kulle su a ciki da dare.

Dokar Biyan Diyya ta 2010 ta fi amfani ga talaka. Ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashinsu a asusun hukumar NSITF, kuma haramun ne ya cire shi daga albashin. Ta haɗa da ɗan koyo da ɗan ƙwadagon wuni da mai aikin gida, ko da yarjejeniyar ta baka ce. Wanda ya ji rauni ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7.

Sufeto ba zai iya bin kowane lungu na birni ba, saboda haka gyara daga gida zai fara. Ikilisiyoyinmu ma suna da masu gadi da direbobi da malaman makaranta, dokar kuwa ba ta ware su ba. Ya kamata dattawa su tambayi ma'aji ko ana zuba wannan kaso. Kai kuma uba, kafin ka miƙa ɗanka koyon sana'a, je ka ga shagon da idonka. Allah ya kiyaye mu.